Ƙwayar kafe ta masu soyawa da hannu ko gwangwanin kamfani, wanne ya cancanci kuɗin mutum?

Ɗan Yantala, Yamai:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekara da shekaru ina shan Nescafé kowace safiya wurin mai shayin bakin ma'aikatarmu, ban taɓa tunanin akwai kafen da ya wuce shi ba, sai da azumin bana wani abokin aikina ya gayyace ni buɗa-baki, aka niƙa mana ƙwayar da ya zo da ita daga Adis Ababa. Ƙamshin ya riga kofin isowa, kuma na shanye shi babu sukari, domin maimakon ɗacin da na saba da shi, ɗan tsami-tsami na ji mai daɗi kamar na lemu. Bayan salla na shiga wani kanti na sayi ƙwaya giram 250 a kan jika 8, an rubuta Habasha a jikin ledar, amma da na daka na dafa sai na ji shi lami, yana warin tsohon buhu. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin kuɗin ba kaɗan ba ne a wurina. Shin wannan kafe na musamman da ake zuzutawa yana da bambanci na gaskiya, ko kuwa suna ne kawai ake sayar mana?

Tsohon Fatake, Wadata:

Wa alaikumus salam ɗana. Bambancin gaskiya ne, harshenka bai yaudare ka ba a gidan abokinka. Kafen da duniya ke sha iri biyu ne manya. Akwai arabika, wanda asalinsa tsaunukan Habasha ne, ba ya yin kyau sai a tudu mai sanyi, galibi sama da mita 1,000, inda ɗan itacen ke nuna a hankali ya tara zaƙi da ƙamshi. Shi ne na yankunan Sidama da Yirgacefe da Harar na Habasha, kuma ana noma shi a yammacin Kamaru da tsaunin Mambila na jihar Taraba. Akwai kuma robusta, mai jure zafi da cuta, mai ɗaci, wanda sinadarin hana barcinsa ya kai kusan ninki biyu na arabika. Shi ake nomawa a Kodibuwa da yankin Kpalime na Togo, kuma shi ne mafi yawan abin da Biyetnam ke fitarwa. Garin gwangwani kuwa, wanda Nestlé ta fara fitar da nata a 1938, kafe ne da aka riga aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwan ya koma gari, shi ya sa yake narkewa nan take. Aikin babban kamfani shi ne ya haɗa ƙwayar gonaki masu yawa domin gwangwanin bana ya yi daidai da na bara, kuma ya iya wannan aikin. Mai ƙaramar sana'a akasin haka yake nema: gona ɗaya ko ƙauye ɗaya, ɗan da aka tsinka da hannu bayan ya nuna ja wur, aka tsince ruɓaɓɓe da mai huji. Masu ɗanɗanon kafe na duniya suna ba da maki cikin 100, kuma sai wanda ya kai 80 ake kira na musamman.

Abin da ya same ka, a ganina, tsufa ne. Ƙwaya tana fara mutuwa daga ranar da aka soya ta, cikin makonni kaɗan ƙamshin ke gudu, idan an niƙa kuwa kwanaki ne. Ka tuna tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa ta Lome da Burkina suke biyowa, su daɗe a hanya cikin rana, sannan su zo su zauna a kanta a garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40. Koma ka duba ledar. Idan ka ga ranar lalacewa kawai, babu ranar da aka soya, babu sunan yanki sai sunan ƙasa, to ba kafen mai sana'a ka saya ba, ko da kuɗinsa ka biya.

Uwargida daga Tawa:

Ƙanena, Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma shi ya sa ni na daina sayen soyayya gaba ɗaya. Ɗanyar ƙwaya nake sa a kawo mini, mai launin kore-kore, domin ita tana yin watanni da yawa ba ta canza ba muddin ba ta sha laima ba. Duk ranar Juma'a da hantsi nake soya na mako guda a kaskon ƙarfe mai kauri bisa gawayi, kamar yadda matan Habasha ke yi kafin su dafa a tulunsu da ake kira jabana. Hannu ba ya tsayawa da juyawa. Da farko za ta yi rawaya tana ƙamshin ciyawa, ƙaiƙayinta yana tashi, sannan ta koma ruwan ƙasa, sai ka ji ta fara fashewa ɗaya bayan ɗaya kamar gugguru. Daga wannan ƙarar ba na ƙara fiye da minti 2, nake juye ta a faifai in yi ta fifita har ta huce. Idan ka bari ta yi baƙi tana ƙyallin mai, tsamin lemun nan da ka ji ya tafi, ƙauri ne zai rage, kuma a nan ta Habasha da ta ko'ina duk ɗaya suke.

Ka keɓe mata ƙaramin turmi nata, kada ka daka a wanda aka daka tattasai ko daddawa, domin kafe yana kwasar warin duk abin da ya raɓa. Ka daka iya wanda za ka sha, kamar giram 15 ga kofi guda, ka sauke ruwa daga wuta ya ɗan lafa kafin ka zuba, ka rufe minti 4, ka tace.

Malamin Lissafi, Talaje:

Ina neman afuwar Baba da Hajiya, amma akwai gefen da ya kamata a faɗa wa wannan bawan Allah. Giram 250 a kan ma'aunin da Hajiya ta bayar kofi 16 ne da ɗan saura, wato kowane kofi ya tashi kusan dala 100, alhali iyali na jiran cefane. Kuma yawancinmu da madarar gwangwani da sukari cokali uku muke shan kafe, a haɗa da burodi; wanda zai sha haka asarar kuɗinsa zai yi idan ya sayi Yirgacefe, domin madarar za ta binne duk abin da ya biya dominsa. Sannan ba na jin daɗin yadda ake raina robusta, abin da maƙwabtanmu ke nomawa, kamar dai kyau sai abin da ya zo daga nesa. Mutanen Senegal da kimba suke soya kafensu mai sunan birnin Tuba, kimbar nan da ke kowace kasuwa tamu, kuma abin sha ne mai daraja a wurinsu. Ni na gwada sabuwar robusta ta Togo da kimba da ɗan kanumfari, na samu gardin da ban taɓa samu a gwangwani ba, da kuɗin da bai taɓa aljihuna ba.

Tsohon Fatake, Wadata:

Malam, ban ƙi maganarka ba ko kaɗan. Sabuwar robusta da aka soya jiya ta fi arabikar da ta shekara a kanta, kuma wanda ya san mai kawo ta daga hannun manoman Kpalime ya riƙe shi da kyau. Abin da nake ƙi shi ne a karɓi jika 8 a hannun yaro a ba shi abin da ya riga ya mutu.

Ɗan Yantala, Yamai:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, na duba ledar yanzu, ranar lalacewa ce kaɗai a jiki, kuma saura wata biyu ta cika. Gwangwanina zai zauna domin safiyar aiki, amma na yi magana da abokin nawa, ya ce zai ɗebo mini ɗanya cikin wadda ta rage masa. Hajiya, gidanmu da gas muke girki, ko kaskon zai yi a kansa?

Uwargida daga Tawa:

Zai yi, ƙanena, sai dai ka rage wutar sosai, ka fara da tafin hannu biyu kawai, kuma ka buɗe taga domin hayaƙin yana da yawa.