Wilcom 2006 a tsohuwar kwamfuta: in sake ko in haƙura?

Tela_Zengo:
Assalamu alaikum masu ɗinkin kwamfuta. Shagonmu yana Zengo, kekenmu mai kai biyu ne, zanen wuya da aljihu duk da manhajar Wilcom 2006 nake fitarwa, a kwamfutar da kawuna ya bar mini mai Windows XP. Batirinta ya mutu, kuran na ɗaukewa ita ma ta bi. Ga Sallah ta matso, shadda ta taru. In na sayi mai Windows 10, manhajar za ta hau? Sannan wani abokin sana'a a Kano ya turo mini zanen aska takwas a fayil iri biyu, EMB da DST: EMB ɗin ya ƙi buɗewa, DST ya buɗe, amma da aka ƙara masa girma don babbar riga sai ga shadda tana leƙowa ta tsakanin zare.

Baba_na_Birni:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka taɓa kwamfutar nan sai Sallah ta wuce. An yi Wilcom 2006 ne a zamanin XP, kuma makullinta da ake sokawa a gefen kwamfuta kafin manhajar ta buɗe shi ke fara gardama a sabuwar Windows. Ka sayi ondiler kawai, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in kuran ya ɗauke, ka raba ta da intanet, don Microsoft ta daina kula da XP tun 2014. Kilen USB na kwasar fayil kuma, ka ware ɗaya na shago, ba na kowa ba.

Maganar giɓi kuwa, ba laifin tsufan manhaja ba ne. DST tsarin Tajima ne, kamfanin kera kekunan ɗinkin kwamfuta, bai san zane ba, wurin da allura za ta soka kawai ya riƙe. Ko launin zare bai sani ba, sai inda za a tsaya a canza. In ka ja shi ya yi faɗi, yawan sukar bai ƙaru ba, dole ya buɗe. EMB shi ke riƙe da ainihin siffar, shi ya sa in ka ƙara girma yake sake lissafin sukar da kansa. EMB na mutumin Kano ya ƙi buɗewa ne don a sabuwar Wilcom ya yi shi. Ka ce ya sake ajiye maka shi a tsohon tsari, akwai wurin zaɓa. Kuma duk askar da faɗinta ya haura milimita 12, ka fid da ita daga satin (doguwar suka daga gefe zuwa gefe) ka mai da ita tatami (ciko da gajerun suka), DST ba ya ɗaukar suka ɗaya da ta wuce 12.1. Tazarar zare ni milimita 0.4 nake bari a shadda.

Matashi_Sabongari:
Baba, a gafarce ni, amma ranar da kwamfutar ta ƙi tashi fa? Ni da VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata Windows a cikin wata, na zuba XP a cikin Windows 10, makullin ya kama. Akwai kuma manhajar zanen ɗinki Ink/Stitch, kyauta ce, tana fitar da DST, ko da yake hannun da ya saba da Wilcom zai sha wuya da ita.

Baba_na_Birni:
Ɗana, wannan gwajin bayan Sallah ne, ba lokacin da Alhazai ke zaune a bakin shago suna jiran riga ba. Amma ka yi gaskiya a abu ɗaya. Tela, yau ɗin nan ka kwashe duk EMB na kawunka a kile biyu, ɗaya ya kwana a gida.

Tela_Zengo:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na kira mutumin Kano, zai sake turowa da dare. Matashi, bayan Sallah zan zo Sabongari in ga naka. Ondiler ɗin fa, a Kasuwar Dole zan duba ko sai an aiko daga Kano?