Masu riƙe da XPS 13 da ire-irenta, ku faɗa mana yadda kuka same ta

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son sauya kwamfuta, kuma idona ya tsaya a kan Dell XPS 13. Wadda nake da ita mai inci 15.6 ce, ita da cajarta sun cika jaka, ga shi aikina na horas da ma'aikatan lafiya ne, yau ina wannan ƙaramar hukuma, gobe ina waccan. Abin da nake yi bai wuce Word, Excel, PowerPoint da taron Zoom ba. Kuɗinta ba na wasa ba ne ko da tokumbo ce, shi ya sa ba bayanin 'yan kasuwa nake so ba. Wanda ya riƙe ta, ko ya riƙe wata ƙarama mai tsada irinta, ya gaya mini daɗinta da wuyarta tsakani da Allah.

Baban Yusra

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni XPS 13 mai lamba 9310 ce a hannuna, wadda ta fito ƙarshen 2020, kuma aikin akanta nake yi da ita a Kaduna. Nauyinta kilo 1.2 ne ko da 'yar ɗoriya. A jakar takardu nake sa ta in hau babur, kafaɗata ba ta san da ita ba. Tun da na saba da haka, in na ɗauki ta ofis sai in ji kamar ba zan iya komawa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne sikirin ɗinta. Inci 13.4 ne, amma an ƙara masa tsayi, 16:10 maimakon 16:9 da aka saba, don haka layukan Excel sun fi bayyana ba tare da kina ta jan shafi ƙasa ba. Haskensa ya kai nit 500, ko a rumfa kike da rana tsaka za ki ga rubutu.

Sai maganar caji, wadda a wurina ita ce ta biya kuɗin kwamfutar. Cajarta ta USB-C ce mai wat 45, batirin kuma Wh 52. Ma'ana fawa-bank yana caja ta, muddin mai PD ne, wato mai caji mai ƙarfi ta USB-C, da ke ba da wat 45 ko sama. Na waya na yau da kullum ba zai yi ba. Mai mAh 20,000 yana ɗauke da wajen Wh 74, in an cire abin da ke salwanta a hanya zai cika ta sau ɗaya. Ga wanda ke aiki inda ba a san ranar dawowar wuta ba, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Shawarata ɗaya, ki ɗauki mai sikirin 1920 x 1200. Mai 4K da mai OLED sun fi kyau a ido, amma suna shan batir sosai, kuma a kan inci 13 Excel ba ya buƙatar wannan adon.

Injiniya Sakkwato

Duk abin da Baban Yusra ya faɗa haka yake, amma Kaduna ba Sakkwato ba ce. Hajiya, ki duba takardar bayanin kwamfutar, su kansu masu ita sun rubuta cewa iyakar zafin wurin da za a yi aiki da ita digiri 35 ne. Mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40 ba tare da an yi labari ba. Ba laifin ƙira ba ne, duk siririyar kwamfuta haka take: jiki ƙarami, fanka ƙanana, zafi ba shi da wurin fita da sauri. In ta ɗumama sai firosesa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A Word da Excel ba za ki lura ba. In kin haɗa Zoom da kamara a kunne, kina nuna PowerPoint, ga caji a jone, a ɗakin da ba fanka, nan ne za ki ji ta fara huci tana nauyi.

Ni dabarata ita ce ban taɓa ɗora ta a katifa ko darduma ba, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Na sayi 'yar ƙaramar madogara mai naɗewa da ke ɗaga bayanta. Aiki mai nauyi kuma bayan sallar asuba nake yin sa ko da daddare. Zanen gini mai girma ba na ma gwada shi a kanta, tunda ba ta da katin hoto na daban, Iris Xe ɗin cikin firosesa ne kawai. Wannan aikin na babbar kwamfutar ofis ne.

Anti Lakcara

Ƙanwata, tunda kin ambaci horaswa, firojekta ce za ta zama abokiyar aikinki, to ki saurare ni da kyau. XPS 13 daga 9300 zuwa sama kafofin USB-C biyu gare ta, ɗaya dama ɗaya hagu. Babu HDMI, babu kafar fulash irin wadda kowa ke da ita. In kin jona caja, saura ɗaya. Ɗakunan taron ƙananan hukumomi kuwa har gobe akwai masu firojektar VGA, mai shuɗin kai ɗin nan. Kuma duk inda kika yi horo, sai an miƙo miki fulash an ce ki zuba musu takardun.

Na yi shekaru da ita ina koyarwa, kuma adafta mai haɗa HDMI, VGA da USB ba ta rabuwa da jakata. Ana rayuwa da hakan, amma ki sa kuɗin adafta mai kyau a lissafinki tun yanzu, domin masu arha suna zafi, hoto ya riƙa ɗaukewa ana tsakiyar bayani. Sabuwa tana zuwa da 'yar adaftar USB a kwali, tokumbo kuwa da wuya ki same ta tare.

Da na tashi sauyawa, ThinkPad X1 Carbon na koma. Inci 14 ce, nauyinta bai kai na XPS ɗin ba ma, kuma ta 2021 tana da HDMI da kafar fulash biyu bayan na USB-C biyu. Ba ta kai XPS kyan gani ba, baƙa ce wuluk ba wani ƙyalli. Amma ga mai tsayawa gaban jama'a, ni ita zan ba ki.

Baban Yusra

Anti, gaskiyarki a kan firojekta. Ni ban cika amfani da ita ba, shi ya sa abin bai dame ni ba.

Mai Gyara Beirut Road

Hajiya barka da war haka. Ni ba a ofis nake riƙe su ba, a teburin gyara suke zuwa mini a nan Kano, don haka cikinsu na sani.

Abu na farko, kuma shi ne mafi girma: RAM ɗin waɗannan ƙananan, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi, a narke yake a jikin bod, babban allon cikinta. Ba a cirewa, ba a ƙarawa. XPS 13, X1 Carbon, MacBook Air, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Abin da kika saya ranar farko, da shi za ku rabu. Kusan kullum sai wani ya kawo mini mai 8GB ya ce in mayar masa 16, in ce ba hali, ya ɗauka rowar aiki nake yi. Ki daure ki sayi mai 16GB ko da firosesarta i5 ce. Gara i5 mai 16 da i7 mai 8, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Arha ba ta ado.

SSD kuma, wato ma'ajiyar takardu, ya danganta da lamba. A 9310 ana cire shi a sa babba, kusoshi takwas ne a ƙasa, da sukudireba T5 ake kwancewa. A 9315 ta 2022 shi ma an narka shi a bod, kuma an cire kafar iyafis da ta katin memori. To in bod ya mutu, takardunki sun shiga wani hali. Duk mai irin wannan ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a wani wuri.

Yawancin waɗanda ake kawo mini a mace, caja ce sanadi. Mutum ya sayi kwamfuta mai tsada, sannan ya haɗa ta da cajar gefen titi, ya jona a janareta mai hawa da sauka. Tunda kafar caji ita ce kafar komai, in abin da ke sarrafa ta ya ƙone, aikin bod ne da na'urar hangen ƙananan abubuwa, ba kowane shago ke iyawa ba. Sikirin kuwa in ya fashe, galibi murfin gaba ɗaya ake sauyawa, kuma sau da yawa sai an aiko daga Computer Village a Ikeja ko an yi oda daga Caina. Wannan shi ne bambancinta da manyan kwamfutocin ofis da kayansu ke zube a kowane lungu na layinmu.

Sannan ki kula da tsofaffin. 9360 mutane na son ta saboda tana da kafar fulash biyu da batir Wh 60, amma kamararta a ƙasan sikirin take, a Zoom haɓarki da yatsunki za a riƙa gani. Sai a 9380 ta 2019 aka mayar da kamarar sama. Kuma 9360 iri biyu ce, akwai mai firosesa janareshan na 7, akwai na 8. Windows 11 daga na 8 take karɓa a ƙa'ida, Windows 10 kuwa an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025. Mai na 7 ko an sauke miki farashi ki wuce.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum. Tawa ba XPS ba ce, ta wani kamfani ce daban, amma siririya ce mai tsada irin wadda kuke magana. A 2023 da aka yanke mana kuran, wato wutar lantarki, daga Najeriya aka rufe iyaka, da ita na ci gaba da aiki, ina caja ta da ƙaramar sola. A nan na san darajarta. Sai dai cikin wannan lokacin batirin ya kumbura har ya ɗago wurin da ake murza yatsa. A duk Damagaram ban samu irinsa ba, a Maraɗi ma haka. Ga Kano kusa, ga hanya a rufe har zuwa Maris na 2024. Mai gyara ya cire shi, na koma aiki da ita sai a jone, kamar ta tebur. Don haka Hajiya, kafin ki biya, ki tambayi inda ake samun batirinta a garinku, ki ji amsa mai gamsarwa.

Ga 'yan uwana na Nijar kuma, tokumbon Kano kibod ɗin Ingilishi gare su, babu haruffan Faransanci masu alama a kai. Wanda hannunsa ya saba da AZERTY, kibod ɗin Faransanci, ya yi tunani tukuna, domin sauya kibod a waɗannan ƙananan aiki ne babba.

Mai Gyara Beirut Road

Malam, Allah ya mayar da alheri. Zafi da zama a caji ɗari bisa ɗari kullum ne ke saurin kumbura su. A Dell akwai wuri cikin BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, da za ka ce caji ya tsaya a 80 ko 90. Mai zama a jone ya saita wannan. In kuma ya riga ya kumbura, a cire shi nan take, kada a danna murfin.

Ɗalibar Alƙahira

Ni dai MacBook Air mai M1 nake amfani da ita, ta Nuwamban 2020, kuma ban ga dalilin da zai sa ba a kawo ta cikin zancen nan ba. Ba ta da fanka ko ɗaya, saboda haka ba ƙara, ba ta zuƙar ƙura. Ina fita da ita tun safe zuwa laburare in dawo bayan la'asar ban nemi soket ba. Ita ma kafa biyu gare ta, duk a hagu, amma tana da ta iyafis. Word, Excel da Zoom duk suna aiki lafiya. Anti Maman Ilham, aikinki bai fi ƙarfinta ba ko kaɗan.

Injiniya Sakkwato

Batir kam ba a ja da ke, ƙanwata. Amma Hajiya ta fara tambayar ofishinsu ko akwai manhajar da sai a Windows take tafiya. Mu a fanninmu Revit da ArcGIS Pro ba su da na Mac, shi ya hana ni.

Maman Ilham

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Akwai manhajar tattara bayanai da muke amfani da ita, zan tambaya. Wani a Banex ya nuna mini XPS 13 Plus, ya kuma ce akwai sabuwa mai firosesar Snapdragon da batirinta ya fi duka. Akwai wanda ya taɓa su?

Abban Sultan

Plus ɗin nake da ita Hajiya, 9320 ta 2022. Tana da sauri, kuma maɓallanta manya ne, rubutu da su akwai daɗi. Amma layin sama, daga Esc har Delete, ba maɓallai ba ne, haske ne da ake taɓawa. Wurin murza yatsa ma ba shi da iyakar da ido ke gani, gilashi ne shimfiɗe. Ni rubutu na fi yi, kuma na saba. Mai aikin Excel da ke danna F2 da F4 ba tare da ya kalla ba, gara ya zauna ya gwada ta sosai a shago kafin ya yanke shawara. Ita ma ba ta da kafar iyafis.

Mai Snapdragon 9345 ce ta 2024, abokin aikina na da ita, kuma batirinta ya yi wa tawa nisa. Sai dai firosesarta ba irin ta Intel ba ce, irin ta Arm ce. Yawancin manhajoji suna tafiya, amma tsohuwar firinta ko sikana da ba a yi mata direban Arm ba, wato manhajar da ke haɗa ta da irin wannan kwamfuta, tana iya ƙin aiki. Ke da kike shiga ofisoshi kina jona firintar da kika tarar, ni mai Intel zan ce ki ɗauka.

Mai Gyara Beirut Road

Hajiya, in tokumbo za ki ɗauka, kada ki ba da kuɗi sai an yi waɗannan a gabanki. A kashe ta a kunna ana danna F12, a zaɓi Diagnostics, ta gwada kanta har ta gama. A shiga BIOS da F2 ki tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, domin wasu daga kamfanonin waje suka fito da makullinsu. A nan cikin BIOS za ki ga Service Tag, haruffa da lambobi bakwai, ya zama daidai da na ƙasan kwamfutar, kuma in kin sa shi a shafin Dell zai nuna miki yadda ta fito daga masana'anta. A cikin Windows a rubuta powercfg /batteryreport, ki kwatanta ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage. A jona caja a kafar dama, a cire a jona a hagu, kowace ta karɓa. Ki je da adaftarki a gwada ta da talabijin ko firojekta a shagon. Mai kaya in ya ce yana sauri ba zai jira wannan ba, ki bar masa kayansa ki shiga shago na gaba.