"Da na sani ƙeya ce", to don me ake koyar da ita a aji?

Malamin Ƙofar Guga: Salamu alaikum jama'a. A darasin yamma na yara masu shirin WAEC mun kai kan jimlolin sharaɗi na Turanci. Na farko da na biyu sun wuce lafiya. Da muka zo na uku, mai maganar abin da ya riga ya wuce, na rubuta "If I had known, I would have come" a allo. Wani yaro ya ce, Malam wannan ai da na sani ce, kuma liman ya faɗa a huɗuba cewa "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Ya ƙi yin aikin gida. Bayan Isha'i babansa ya tare ni, muka ɗan yi sa-in-sa, ya rufe da cewa da na sani ƙeya ce. Wai karin maganar nan hani take yi?

Ɗan Kusugu: Hadisin na nan, amma kan wanda abu ya same shi ya ƙi sallama wa ƙaddara yake. Yaron nan aikin gida yake gudu, Malam.

Baban Khalifa: A'a, uban yana da hujja. Abin da ke ƙeya wa ke ganinsa? Ka bar shi can baya.

Maman Ummi: Ni kuwa gani nake gargaɗi ne, ka yi tunani kafin ta zo. Kakarmu a Daura ta ba mu labari, lokacin da dogarai ke bi gida-gida ɗibar yara zuwa boko, ita da uwarsu suka cusa ƙanenta cikin rumbun gero. Ya yini ciki, ƙaiƙayi ya cinye masa jiki, ya fito fari fat yana atishawa. Sai aka ba da ɗan barantaka na gidan a madadinsa. Shekara ashirin da wani abu sai ga ɗan baran nan a mota, ya zo gaishe su da turmin atamfa da goro. Ƙanen nata yana zaune a zaure yana saƙar igiya. Muka ce Goggo, ba ki yi da na sani ba? Ta tauna goronta, ta ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Amma duk jikan da ya ƙi makaranta, ita ke fara ɗaukar masa tsumagiya.

Ɗan Kusugu: Allah ya jiƙan Goggo. Baki na cewa ƙaddara, hannu na cewa da na sani.

Sarkin Zolaya: Malam, kai wa waɗancan na sama darasin nan. Kafin zaɓe "will", bayan rantsuwa "may", shekara ta uku "might". Kwalbatin unguwarmu yanzu tana kan "would have".

Baban Khalifa: Mu da muka karɓi taliya da sabulu fa? Ƙeyarmu ta yi nauyi.

Malamin Ƙofar Guga: Don Allah a dawo kan magana. Gobe da la'asar zan shiga ajin nan.

Hajiya Mai Fura: Ka ce wa yaron sa'a ta fi manyan kaya, amma mai duba takarda ba ya ba da maki don sa'a. Maman Ummi, shi ɗan baran ya auri 'yar gidan kuwa?

Maman Ummi: Ya nema, aka hana shi. Wannan kuma labarin ƙanwar Goggo ne, bari in sauke tukunya.