Kwamfutar shago na ƙin fita daga akawun, yanzu kuma fayilolina sun ɓace

Mai Shago: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min, jiya ban yi barci ba. Ina da ɗan shagon buga takardu da hoto-kwafi a wajen Terminus nan Jos, asali na yayana ne, da ya samu aiki a Abuja ya bar min komai har da kwamfutar, kuma shi ya saita ta da hannunsa shi ya sa ba na son taɓa abin da ya saka, in ya zo hutu yakan duba. Mu uku ke amfani da ita, ni da ƙanina da yarinyar da ke mana taifin, kowa da akawun ɗinsa don an taɓa samun matsala wani ya goge aikin wani aka yi ta rigima. To kusan wata biyu ke nan in za mu tashi na danna fita sai ta tsaya tana ta juya wannan ɗan zoben, minti 10 wani lokaci 15, ga janareto na shan mai, ga ni ina son in kai Anguwan Rogo kafin magariba. Sai in danne maɓallin wuta ta mutu. Jiya da safe na shiga akawun ɗina na tarar da allon wayam, hoton bango ya canza, ta rubuto wai da furofayil na wucin gadi ta shigar da ni. Furojet ɗin ɗalibai 6 na ciki, biyu Litinin za su karɓa. Me zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Da farko kar ka ajiye komai a inda ta shigar da kai yanzu, furofayil na wucin gadi gogewa yake da zarar ka fita. Fayilolinka kuma mai yiwuwa suna nan, buɗe C sannan Users ka shiga folda mai sunanka, kwashe Desktop da Documents ka zuba a filasha yau ɗin nan kafin komai. Wace Windows ce? Ba ka faɗa ba.

Ɗan Bukuru: Ka sauke manhajar UPHClean kawai, Microsoft ne suka yi shi don wannan ciwon. Lokacin da nake kula da kafe shi muke sakawa, saƙonnin matsala masu lamba 1517 da 1524 su daina fitowa.

Injiniya: Malam wannan zamanin Windows XP ne, da 2000 da Server 2003. Tun daga Vista an haɗa aikinsa cikin Windows ɗin kanta, kar ya je ya sauko da wani tarkace daga shafin da bai sani ba. Bari in yi bayani. Kowane akawun na da fayil ɗinsa na rajistiri, sunansa NTUSER.DAT, a nan saitin mutum yake. In za ka fita dole Windows ta rufe shi ta ajiye. In wata manhaja ta riƙe shi ta ƙi saki, yawanci antibairos ko direban firinta (manhajar da ke sarrafa ta), to wannan jiran da kake gani ke nan. Kai kuma kana kashe ta a tsakiyar ajiyewa, kullum, wata biyu. Kai ka lalata furofayil ɗin da hannunka, gaskiya ke nan.

Mai Shago: Injiniya na gode amma ku ma ku duba, lita nawa zan ƙona ina kallon zobe yana juyawa? Kuma ai na sha kashe ta haka ba abin da ya faru sai jiya. Fayilolin na gan su Alhamdulillah, sai dai filashata ta cika, rabi na kwashe.

Hajiya Mai Kafe: Ɗana ko me za ka yi kar ka kai wa masu gyara ba ka tsaya a kansu ba. Ni bara na kai tawa, ciwonta bai kai wannan ba, yaron ya yi mata fomat bai ko kira ni ba, hotunan bikin 'yata da lissafin shago na shekara 3 duk suka tafi, da na yi magana ya ce ai ban ce a ajiye ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kuma ya karɓi kuɗinsa cif.

Ɗan Farin Gada: Ni dai fomat ɗin zan ce. Kwashe kaya, sa sabuwar Windows, a huta. Kuma in tsohon hadis (hard disk) ne mai juyawa ka sa SSD, wato sabon samfurin da ba ya juyawa, tawa haka take yi da na canza shi ke nan. 

Injiniya: Fomat ba tare da an san mai laifi ba, gobe ya mayar da manhajar nan ciwon ya dawo. Danna maɓallin Windows da R, rubuta eventvwr don buɗe kundin da Windows ke rubuta matsaloli, shiga Windows Logs sannan Application, nemi lamba 1530 daga User Profile Service. A cikinta ake jera sunan abin da ya riƙe rajistirin. Za ka ga 1511 ma, ita ce ta furofayil na wucin gadi. Turo min hoton 1530. Antibairos nawa ke kanta?

Mai Shago: Biyu ne, Yaya ya saka su saboda filashar ɗalibai, wallahi ba ku san irin bairos da suke kawowa ba. Na ga 1530 ɗin da yawa, rubutun ya yi tsawo, na ga sunan ɗaya daga cikinsu a ciki da wani abu na firinta.

Injiniya: To ka gani. Cire ɗaya, ko ma duka biyun in Windows 10 ce tunda tana da nata Defender. Sannan buɗe sabon akawun na admin, ka mayar da fayilolinka can. Akwai gyara ta regedit, wato manhajar gyaran rajistiri, a ProfileList inda ake samun layi mai .bak a ƙarshe, amma ba zan sa ka taɓa wurin kai kaɗai ba.

Ɗan Bukuru: Ni na karanta 1530 gargaɗi ne kawai, sau da yawa ba ta da illa. Ba lallai ita ce sanadin jinkirin ba. Ya gwada msconfig, manhajar saitin Windows, ya kashe duk sabis da ba na Microsoft ba, ya ga ko za ta fita da sauri.

Injiniya: Ba ta da illa in kwamfuta na fita lafiya. Tasa minti 15 take yi.

Mai Shago: Cire antibairos ɗin nan gaskiya sai na tambayi Yaya, kuɗi ya biya na shekara, kuma in bairos ya shiga ni za a tuhuma. Na kira shi yana mitin. Sabon akawun kuma ina tsoron Word ɗin ya nemi wani abu da ban da shi. Ba wata hanyar da zan dawo da tsohon yadda yake ba tare da na cire komai ba? Yanzu ma ɗaya daga cikin ɗaliban na tsaye a bakin shago.

Injiniya: Har yanzu ba ka faɗa min wace Windows ba ce.

Hajiya Mai Kafe: Ka dai ari filasha ka kwashe sauran rabin tukuna ɗana.

Mai Shago: Zan duba in ƙanina ya dawo da mai, janareton ya mutu.