Gidan yanar gizon shagona ba ya fitowa a Google: in biya mai alƙawarin kai ni shafin farko?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum. Ina da shago a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano, inda nake sayar da shadda da atamfa da leshi, sari da ɗai-ɗai, kuma yawancin abokan cinikina na nesa ta WhatsApp suke samuna. Wata takwas ke nan da na biya wani matashi ya gina mini gidan yanar gizo da manhajar gina gidajen yana mai suna WordPress, ya zuba hotunan kaya masu kyau, ya sa lambar waya da kwatancen shago. Idan aka rubuta adireshin gidan yana buɗewa lafiya lau, amma idan na shiga Google na rubuta "shadda a Kano" ko "farashin atamfa", sai in gangara har shafi na biyar na sakamakon ban ga ko ƙeyarsa ba. Ba ya fitowa sai na rubuta cikakken sunan shagon, wanda kuwa ya riga ya san sunan shagona ai ba shi nake nema ba.

A makon jiya wani ya tuntuɓe ni ya ce sana'arsa ke nan, abin da suke kira SEO, wato gyara gidan yana domin ya hau sama a sakamakon bincike, kuma idan na ba shi naira 150,000 zai samo mini mahaɗai 5,000 daga wasu gidajen yana, wato wuraren da za a danna a shafukansu a zo gidana, in hau shafin farko cikin mako biyu. Kuɗin ba su fi ƙarfina ba, amma ban saba sayen kaya a cikin dila ban kwance ba. Ina roƙon masana su gaya mini ko wannan hanya ta gaskiya ce, idan kuma ba ita ba ce, daga ina ya kamata in fara.

Injiniyan Zariya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Kamfanin Google da kansa ya rubuta a cikin shawarwarinsa ga masu gidajen yana cewa babu wanda zai iya lamunce wa kowa matsayi na ɗaya, kuma ya ce aikin gyara na gaskiya yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin a ga amfaninsa. Wanda ya yanke maka mako biyu, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san ba za ka same shi ba a mako na uku.

Amma bari in yi bayanin abin da ya sa yake maganar mahaɗai, domin ba daga sama ya tsinto ta ba. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, abin da ya bambanta injinsu da na sauran shi ne tsarin PageRank, wanda yake ɗaukar kowane mahaɗi daga wani shafi zuwa naka tamkar shaida ce aka ba ka, kuma shaidar shafi mai daraja ta fi ta shafin da ba wanda ya san da shi nauyi. Da mutane suka gane haka sai aka buɗe kasuwar sayar da shaidar zur, aka riƙa gina dubban shafukan da ba mai karanta su, ba su da aiki sai ɗaukar mahaɗai. A watan Afrilun 2012 Google ya fito da gyaran da ya kira Penguin domin wannan matsala, gidajen yana da yawa suka faɗo daga sahun gaba a dare ɗaya. Daga 2016 kuma tsarin ya fi karkata ga yin biris da irin waɗannan mahaɗai, wato a ƙi lissafa su kwata-kwata. Saboda haka mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne kuɗinka su tafi a banza, mafi muni kuma ma'aikatan Google su ɗauki mataki a kan gidan naka, ka koma kana biyan wani ya share ɓarnar da na farko ya yi.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne ko Google ya ma ga shafukanka. Aikinsa hawa uku ne: manhajarsa mai suna Googlebot tana bin mahaɗai tana karanta shafuka, sannan a adana waɗanda suka cancanta a cikin kundinsa, daga nan ne ake jera su idan wani ya yi bincike. Shafin da bai shiga kundi ba, ko kowa a duniya ya yabe shi ba zai fito ba. Ka rubuta site: a akwatin bincike, ka manna adireshin gidanka a jikinsa ba tare da tazara ba, za ka ga kimanin shafukan da aka adana. Bayan haka ka sa yaron da ya gina maka ya yi rajistar gidan a Search Console, dandalin Google da ke nuna wa mai gida yadda gidansa yake a bincike, wanda kyauta ne, amma ka tabbata da asusunka aka buɗe ba da nasa ba, domin na sha ganin masu shago sun rasa ikon gidajensu ranar da suka saɓa da mai ginin. A can za a miƙa taswirar gidan, wato jerin adireshin dukan shafukansa, kuma a can za ka ga dalilin da ya sa aka bar wasu a waje. A WordPress akwai wani ɗan akwati a sashen saitin karatu da ke roƙon injunan bincike kada su adana gidan. Masu gini sukan kunna shi lokacin aiki, su manta ba su kashe ba. Tun da sunan shagonka yana fitowa, ba na zaton shi ne matsalarka, amma dubawar ba ta wuce minti ɗaya ba.

Hajiya Mai Turare:

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ni ba injiniya ba ce, turaren wuta da humra nake sayarwa a Kaduna, amma na taka wannan ƙayar da kaina, shi ya sa kalma ɗaya a cikin bayaninka ta tsaya mini: ka ce an zuba hotuna masu kyau. Ina so ka duba ko sunan kayan da farashinsu a rubuce suke a shafin, ko kuwa a jikin hoton aka rubuta su, irin katin tallan da muke ɗorawa a WhatsApp. Gwajin yana da sauƙi: ka danna yatsa a kan rubutun kamar za ka kwafe shi, idan ya ƙi kwafuwa to hoto ne. Nawa haka yake kusan shekara guda, ido yana ganin kaya fal, amma ga injin bincike shago ne da aka buɗe ƙofa babu komai a kan kanta, domin Google ba ya dogara da rubutun cikin hoto wajen gane abin da shafi ya ƙunsa, kuma shi da kansa yana ba da shawarar kada a cusa muhimmin bayani a hoto.

Abin da ya gyara mini lamari bai ci mini ko sisi ba. Na zauna na bi saƙonnin masu saye na wata uku, na fitar da tambayoyin da suka fi maimaituwa, na ba kowace tambaya shafinta da amsa cikakkiya. Kai ma na san irin waɗanda ake yi maka: yadi nawa ke isar babbar riga da 'yar ciki da wando, yaya ake bambanta gezna ta asali da ta kwaikwayo, turmi nawa za a ɗauka kafin a ba da farashin sari idan anko za a fitar, me ake zubawa a akwatin lefe na matsakaicin ƙarfi, kwana nawa kaya suke yi idan an aika ta tasha zuwa Yola ko Sakkwato. Wannan ilimi a bakinka yake, kullum kana bayar da shi kyauta a bakin shago, kuma babu wani mai sayar da mahaɗai da ya mallake shi. Kowane shafi ya samu take nasa da ke faɗin abin da ke ciki da garin da kake, domin wannan taken ne yawanci yake fitowa a sakamakon bincike. Sai dai kada a ruɗe ka da cusa kalma ɗaya sau ashirin a sakin layi guda. Mai karatu zai gudu, Google ma yana lissafa hakan cikin maguɗi.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi gidan yanar ma saurin kawo ciniki ga mai shago, shi ne Google Business Profile, wato rajistar shagon a taswirar Google. Idan mutum ya nemi kaya ya haɗa da sunan gari, sau da yawa shagunan taswira ne suke fitowa a sama, kuma ana jera su ne bisa dacewarsu da abin da aka nema da kusancinsu da mai neman da kuma shahararsu. Ka cike lokutan buɗewa da hotunan gaskiya, ka roƙi waɗanda suka saya su rubuta ra'ayinsu, amma kada ka saya ko ka sa 'yan gida su rubuta.

Baƙon Maraɗi:

Na yarda da yawancin abin da aka faɗa, sai dai ina tsoron kada Alhaji ya tashi da fahimtar cewa mahaɗai ba su da amfani. Har yanzu suna cikin abubuwan da ake dubawa. Na saye ne ba su da albarka. Idan telan da ke sayen shadda a wurinka yana da gidan yana ya ambace ka, ko wata jarida ta yi rahoto a kan kasuwa ta sa adireshinka, wannan ɗaya ya fi dubu biyar ɗin can. Idan kuma talla ka biya aka sa maka mahaɗi, ƙa'idar ita ce a yi masa alamar da ke nuna na kuɗi ne, kuma Google ya fito da alama ta musamman domin haka a 2019.

Akwai batun harshe da ba a taɓo ba, kuma mu da muke sayen kaya daga tsallaken iyaka ya shafe mu. Google ya bayyana cewa da rubutun da ke bayyane yake gane harshen shafi, don haka shafin da aka cakuɗa Hausa da Ingilishi layi bayan layi yana rikita shi. Gara a yi na Hausa daban, na Ingilishi daban, kowanne da adireshinsa. Hausa kuwa tana da wata riba da mutane ba su lura da ita ba: masu rubutu da ita a kan harkar yadi kaɗan ne, saboda haka gogayyar ba ta kai ta Ingilishi zafi ba. Ka kuma lura cewa yawancin mutane ba sa sa haruffa masu lanƙwasa idan suna bincike a waya, "dinki" suke bugawa ba "ɗinki" ba. Shawarata ita ce ka rubuta Hausarka daidai a cikin shafi, adireshin shafin kuma ka bar shi da haruffa marasa lanƙwasa, sannan bayan wata biyu ka duba rahoton Search Console, wanda zai nuna maka ainihin kalmomin da aka buga har aka gan ka.

Sai nauyin hotuna. Tun 2018 Google ya fara auna gidajen yana da yadda suke a waya maimakon kwamfuta, kuma ma'auninsa na sauri shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora yadda yake yakan kai megabait huɗu ko biyar, ka ga shafi mai hoto talatin zai cinye datar mutum kafin ya ga zane ɗaya, balle inda sabis yake da rauni. Ka gwada adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google na auna saurin buɗewa. Ban ce sauri kaɗai zai ɗaga ka ba, domin nauyinsa a lissafin bai kai na abin da shafi ya ƙunsa ba, amma mai saye ba ya jira.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zaunar da yaron jiya bayan la'asar mun duba tare. Akwatin da Injiniya ya ambata a kashe yake, amma shafi uku kacal Google ya adana, kuma dukansu take ɗaya gare su, sunan shagon kawai. Hajiya ta canka daidai: kaya sama da 200 duk a shafi guda aka jibge su, sunaye da farashi a jikin hotuna, rubutun da ke kwafuwa bai fi layi huɗu ba. A wayata shafin ya ɗauki daƙiƙa 11 kafin ya gama buɗewa. Na sallami mai mahaɗan cikin mutunci. Damuwata yanzu ita ce farashi, domin a Kwari yana iya canjawa sau biyu a mako, kuma ina gudun in rubuta kuɗi a shafi mutum ya zo ya riƙe ni da shi. Shin dole ne kowane kaya ya samu shafinsa da farashinsa?

Injiniyan Zariya:

Ba dole ba ne, Alhaji, kuma ban ba ka shawarar shafi 200 a tashin farko ba, domin shafuka masu layi ɗaya-ɗaya masu kama da juna sau da yawa Google yana karanta su ya ƙi adanawa. Ku fara da rukuni: shadda shafinta, atamfa nata, leshi nasa, kayan lefe da na anko kowanne nasa, a rubuta bayani na gaske a ƙarƙashin kowanne, a rage nauyin hotunan a mayar da su tsarin WebP mai ƙarancin nauyi, kowane hoto kuma a cike masa gurbin bayaninsa da abin da ke cikinsa, kamar launi da irin yadin. Shafin farko na gidan ya ɗauki mahaɗi zuwa kowane rukuni domin Googlebot ya same su.

Game da farashi, ka rubuta daga kaza zuwa kaza, ka sa ranar da aka sabunta a gefensa, ka ƙara da cewa a tabbatar ta waya kafin a turo kuɗi. Mai neman "farashin atamfa" lamba yake son gani, idan bai samu a wurinka ba zai koma ya danna na maƙwabcinka. Ka sa yaron ya koya wa ɗaya daga cikin yaran shagonka yadda ake canja lambar, aikin minti biyar ne duk ranar Asabar. Idan an gama kowane shafi, a saka adireshinsa a akwatin duba adireshi na Search Console a nemi a adana shi, sannan ku rubuta adadin bayyanar gidan a sakamakon bincike da na dannawa da Search Console ya nuna na wannan watan a littafin shago, domin ku samu abin kwatantawa idan wata uku ya cika.