Sun rufe mana ajin rubutu

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Cibiyar baƙi ta garin da muke zaune a nan Turai ta rufe mana ajin rubutun Larabci, wai ɗakin za a ba wasu. Akwai 'yan Siriya a cikinmu, da 'yan Sudan, da wata dattijuwa 'yar Afganistan. Kafin a taɓa alƙalami sai mu yi shiru na minti goma, kowa yana bin numfashinsa. Malaminmu ya koya mana awon Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940: da ɗigon bakin alƙalami ake auna tsayin alif, a kan alif ɗin ake gina sauran baƙaƙe. In za ka ja shi sai ka riƙe numfashi, kana saki hannu zai karkace. Wallahi shekarata ta farko ba na runtsawa sai asuba, ga jiran takardar zama, ga kewar mahaifiyata. A ajin nan na fara jin ƙirjina ya saki. Ni da dattijuwar nan ba ma jin yaren juna, amma takan kama hannuna ta gyara min lanƙwasar nun. Rubutun nan magani ne gare mu. Ina neman masu sa hannu a takardar koke.

Anti Nas: Allah sarki ƙanwata, Allah ya yaye. Amma don Allah ki cire kalmar magani. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Basalona, Joseba Achotegui, ya bayyana irin wannan damuwa ta baƙi tun 2002: rashin barci, ciwon kai, fargaba, kaɗaici. A wasu takan zarce ta zama ciwo sosai. Ina tsoron wata ta karanta ta ajiye ƙwayoyinta ta ɗauki tawada.

Maman Ilham: Anti ai ban ce kowa ya bar asibiti ba.

Abu Huzaifa: Ni ma a nan na tsaya. Waraka tana cikin Alƙur'ani, Suratul Isra'i aya ta 82. Kyan zanen harafi ba ya ƙara wa aya komai. Sannan wannan shiru na bin numfashi daga ina? Jon Kabat-Zinn ne ya shigar da shi asibiti a Amurka a 1979, kuma daga mabiya Buddha ya koyo. Hajiya ki yi hattara.

Baban Sadiƙ: Malam, komai ka gani sai ka nemo masa uba a waje? Muraƙaba da tafakkuri fa? Magabata suna zama shiru suna lura da zuciyarsu tun kafin a haifi kakan Baturen nan.

Abu Huzaifa: Na san za ka fito, Shehi. Kawo hadisin ƙirga numfashi.

Baban Sadiƙ: Kai kawo wanda ya hana. Ya karanta Isra'i ya tsallake Suratul Ƙalam, inda Allah ya yi rantsuwa da alƙalami.

Anti Nas: Ku dai maganata ɗaya ce. Abin da ba a gwada shi a kan marasa lafiya an auna ba, ba na kiransa magani.

Yaya Ummi: Anti ku ma'aikatan asibiti kun mayar da kalmar nan taku ku kaɗai. Barci maganin gajiya ne, wa ya auna shi? Mijina da hannunsa yake haɗa tawada, baƙin hayaƙin fitila da ƙaro, ya yi ta dama ta har ta yi laushi. Ranar da ya yi haka ba ya tashi firgigit da dare. Ni na gani da idona.

Anti Nas: Mutum ɗaya ba hujja ba ne Yaya.

Yaya Ummi: Mijina ne mutum ɗayan?

Ɗalibin Istambul: Tunda an zo kan tawada, a masallacin Sulaimaniyya na Istambul akwai ɗakin da a zamanin da hayaƙin fitilu ke taruwa, a kankare a yi tawada da shi. Ba a banza ake cewa a Makka aka saukar da Alƙur'ani, a Masar aka karanta, a Istambul aka rubuta ba. Tun daga Shehu Hamdullah, gwanin rubutun Turkawa da ya rasu a 1520, Turkawa ke riƙe da fannin zanen haruffa.

Baban Sadiƙ: Ɗana, a kan tafarkin wa Hamdullah ya tashi? Na Yaƙutu ne, gwanin rubutu mutumin Bagadaza. Je ka duba mus'hafin da Ibn Bawwab na Bagadaza ya rubuta fiye da shekara dubu, yana ajiye a Dabilin ta ƙasar Ireland, ka dawo mu yi magana. A 2021 ma ƙasashe 16 ne suka shigar da rubutun Larabci jerin kayan gado na UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Saudiyya a gaba.

Ɗalibin Istambul: Baba a 2021 ɗin aka karɓi rubutun Turkiyya daban, shi kaɗai.

Maman Ilham: Jama'a takardar koken fa?

Abu Huzaifa: Hajiya a fara gyara aƙida tukuna.

Yaya Ummi: Baiwar Allah tana kuka kana mata wa'azi. Ka taɓa kwana kana jiran wasiƙar da za ta ce ka zauna ko ka tattara?

Abu Huzaifa: Shekara huɗu na jira, Yaya. Da sallar dare na yi ta, ban ƙirga numfashi ba.

Kawu, mai kula da zaure: To ya isa haka, bari in taƙaita. Kusan kowa ya yarda rubutu da natsuwa magani ne, kuma ni shaida ne, don shekara shida ina rubutun suluts, wani salon zanen haruffan Larabci, da shi na rage zafin rasuwar ɗan'uwana da ban samu zuwa jana'izarsa ba. Shehi ya kawo hujja daga Alƙur'ani, ba a iya ture ta ba. Anti Nas ta faɗi nata na aiki, mun gode, sai dai ba ta taɓa riƙe alƙalamin kara ba. Malam Abu Huzaifa ya rage zafi. Asalin fannin kuwa na Bagadaza ne, Turkawa ɗalibai ne da suka yi ƙoƙari. Na rufe magana a nan, wanda ya sake tayar da batun numfashi zan cire shi na kwana uku.