Neman shawara: shirwa na fito mini baƙa ƙirin a hoto, laifina ne ko na kyamara?

Mai hoton biki, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni hoton biki da suna nake ɗauka, shekara shida ke nan. Kwanan nan son ɗaukar tsuntsaye masu farauta ya kama ni, musamman shirwa, don kullum da safe ina ganinsu suna jewa a saman kwatar unguwarmu. Kyamarata Nikon D3500 ce ta hannu, da gilashi 70-300mm. Ranar Asabar na ɗauki hoto wajen ɗari uku, wallahi ko biyar ba su yi ba. A wasu tsuntsuwar ta fito baƙa ƙirin kamar an yanko ta da almakashi an manna a sama, wasu dishi-dishi, wasu kuwa wutsiya kaɗai na kamo. A kan P nake barin kyamarar, wato ita ke zaɓar saiti da kanta, da misalin ƙarfe sha ɗaya na je. In fara tara kuɗin wata ne, ko ni ne ban iya ba?

Tsohon mai hoto, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar kuɗinka a aljihu tukuna. Baƙin da kake gani, kyamara ce ta auna hasken sararin sama, ta ga ya yi yawa, sai ta rage, shirwa kuma da ma ƙasa-ƙasa ce, ga shi cikinta kake kallo, inda rana ba ta kai ba. Juya zuwa S, inda kai ke zaɓar saurin shota, ka danna maɓallin nan mai alamar +/- ka ƙara haske zuwa +1, in sama ta yi fari tas ka kai +1.7. Sama za ta ɗan wanke, babu komai, gashin tsuntsu kake nema.

Dishi-dishin kuwa saurin shota ne, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga. Amarya tsaye take, 1/200 na daƙiƙa ya ishe ta. Shirwa ba za ta tsaya ta gyara maka ɗankwali ba. Fara daga 1/2000, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 800 ko 1600 in haske ya gaza. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa sai gogewa. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto, ya fi sauƙin gyara.

Ɗan Sabon Gari:
Baba, gaskiya dai kyamarar ma tana da nata. Ɗigon fokas 11 kacal gare ta, hoto biyar a daƙiƙa. Na zamani marasa madubi da kansu suke gano idon tsuntsu su bi shi.

Tsohon mai hoto, Zariya:
Haka ne ɗana, amma wanda bai iya riƙe tsuntsu a tsakiyar hoto ba, ko wacce ya saya wutsiya zai kamo. Mai tambaya, sa fokas a AF-C domin ya riƙa bin tsuntsun muddin ka ɗan danne maɓalli, kuma ka yi aiki da ɗigon tsakiya, shi ya fi sauran gani a wannan kyamarar. Kada ka duba ta allon baya, sa ido a tagar leƙawa. Nemo tsuntsun tun zum yana baya-baya, in ka kama shi sai ka jawo. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, juyawa daga ƙugu, kuma kada ka tsaya cak da ka danna, ci gaba da bin sa. Je ka yi mako guda kana koyo a kan tattabarun maƙwabta da hankaki. Sai dai belbela, ita rage haske ake yi, in ba haka ba farin ya ƙone.

Ɗan fadama, Nguru:
Malam, ni lokacin da ka je ne ya fi damuna. Ƙarfe sha ɗaya ƙasa ta riga ta yi zafi, iska mai ɗumi tana tashi sama, su kuma a kanta suke hawa su lula ba tare da kaɗa fiffike ba. A lokacin ko da milimita 300 ɗinka ɗigo za ka samu, ga rana a tsakar ka. Je tsakanin bakwai da tara, suna ƙasa-ƙasa suna neman abin kari, rana kuma tana haska ƙarƙashin fiffike.

Sannan ka lura da iska. Tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka. To a hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take busowa, ranar safe kuma tana gabas. Ka ba su baya su duka biyun, sai ka ga shirwa ta nufo ka a hankali, fuska a haske, tana murɗa wutsiyar nan tata mai baki biyu kamar matuƙin kwalekwale. Kuma tana maimaita zagaye. Tsaya ka kalle ta minti goma ba ka ɗaga kyamara ba, za ka gane inda take karyo kwana, a nan za ka jira ta.

In ka samu hali ka zo dausayin Haɗeja da Nguru tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Akwai shahunan da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a nan, suna bin saman ciyawa ƙasa-ƙasa suna neman fara da ɓeraye, ba sai ka karya wuya ba. Wurin tsuntsaye na Dagona, kusa da Gashuwa, yana ƙarƙashin gandun dajin Tafkin Chadi, sai ka nemi izini. In kuma ka ga hayaƙin ƙunar daji, shirwa na taruwa a bakinsa suna cafkar fara, amma tsaya ta inda iska ke fitowa.

Malama, Jos:
Sannunku da ƙoƙari. Ni roƙo zan yi. Na ga masu ɗaure ɗan tsako a fili don shirwa ta kawo sura su ɗauka. Don Allah kada ka fara, yankin nama a kwata ya riga ya tara maka su kyauta. In kuma Allah ya haɗa ka da ungulu, ɗauke ta da kyau. Da can kowace mayanka cike take da su, har ake cewa ungulu ba ta jewar banza, yanzu yara da yawa ba su taɓa ganinta ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma guba da masu sayen kai da ƙafafunta don tsubbu na cikin dalilan. Saboda haka in ka ga sheƙarta, kada ka faɗi wurin a Facebook. Masu binciken tsuntsaye na cibiyar APLORI da ke dajin Amurum a nan kusa da Jos su ne suka dace su ji.

Wani ɗan'uwa, Kaduna:
Kafin duk wannan, je ka gaida sarkin fawa ka nuna masa hotunan. Ni an taɓa tsare ni awa biyu ana bincikar memorina, don na ɗaga dogon gilashi ina bin shaho, ashe bayan katangar wurin jami'an tsaro ne. Ka yi nesa da bariki da filin jirgi. Kuma kada ka cire gilashi a waje da hunturu. Ƙura in ta hau sensa, farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, a hoton sararin sama take fitowa ɗigo-ɗigo, har ka zaci wasu tsuntsayen ne.

Mai hoton biki, Kano:
Allah ya saka da alheri, na dawo da labari. Yau ƙarfe bakwai da kwata ina kwata. Sarkin fawa har benci ya sa aka kawo mini, mahauta na ta dariya wai na bar amare na koma bin ɓarauniyar tsaki. S, 1/2000, +1, ISO 800. Cikin ɗari da wani abu na samu tara masu kyau, ɗaya har ƙwayar idonta da rawayan bakinta sun fito, da ɗan zaren hanji a ƙafarta. Sai dai da ta sauko ta gifta gaban bishiyar darbejiya, fokas ya tsere ya kama ganye, hoton kuma ya yi fari fat. Baba na Zariya, a nan kuma yaya ake yi?

Tsohon mai hoto, Zariya:
Ma sha Allah. Lokacin komawa M ya yi, inda kai ke saita komai da hannunka. Auna haske a kan ciyawa ko bangon ƙasa da rana ke duka, ka kafe shota da ISO da buɗin gilashi f/8 a wurin, to ko ta bi sama ko ta bi bishiya hasken ba zai motsa ba. In fokas ya tsere, saki maɓallin ka sake dannawa a kanta. Turo mana mai hanjin mu gani.